Yadda Muka Kai Faɗanmu Garwa

Tun da muka dawo daga Garwa ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A ɗakin haihuwa tambaya, a kasuwa tambaya, shekaranjiya har a gidan suna wata ta ja ni gefe tana cewa, "Sista Binta, wai da gaske mota ɗaya kuka shiga da Dakta Iliya, kuma kowa ya dawo da ransa?" To ga labarin gaba ɗaya. Daga yau duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takardar nan in ci gaba da aikina.

Ga wanda bai san mu ba, ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Mubi. Bayan 'yan bindiga sun kore mu daga garin mun dawo, mun tarar da gadaje a karye da kwalaben magani a farfashe, wannan duk an gyara a hankali. Halinmu ne aka rasa mai gyarawa. Likitoci huɗu ne da mu a da, Dakta Iliya kaɗai ya dawo, kuma ya dawo da wata murya da ba mu san shi da ita ba. In ya buɗe baki a ɗakin mata, masu keke napep da ke bakin ƙofa suna jin sa. Ya taɓa jifan bango da farantin almakashi. Sai kuma Baba Zira na ɗakin gwajin jini, dattijo mai sanyin magana, wanda in ka ɓata masa rai ba zai ce maka komai ba, sai dai sakamakon gwajinka ya kwana biyu bai fito ba. Ni kuwa a lokacin ina ganin ba ni da laifin komai.

Abin da ya jawo tafiyar ba abin dariya ba ne. Wata rana da azahar aka kawo mace daga Betso, ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa. Lokacin sati uku ke nan ba na yi wa Dakta magana, saboda ya ce mini marar kai a gaban masu jinya. Daga inda nake zuwa ofishinsa bai fi taku ashirin ba. Maimakon in ruga in kira shi, sai na rubuta 'yar takarda na ba mai shara ta kai masa. Ita kuma ta isa ƙofar ta ji yana yi wa wani tsawa a ciki, ta tsaya tana jira ya gama. Baba Zira a nasa ɓangaren ya mayar da takardar neman jini wai babu sa hannun likita. Matar ta rayu, Allah ne ya yi da sauran kwananta, amma sai da idonta ya juye. Mijinta yana ta yi mana godiya har da durƙusawa, ni kuwa na kasa kallonsa. Bayan nan babu wanda ya sake ɗaga maganar.

Wata guda bayan haka shugaban asibiti ya kira mu mu uku. Ya ce wata ƙungiyar agaji ta shirya bita ta kwana uku a Garwa, can ƙasar Kamaru, ga ma'aikatan lafiya na bakin iyaka, a kan yadda za a yi aiki tare ba tare da rigima ba. "An zaɓe ku ne saboda ƙwazonku," in ji shi, yana kallon silin. Labarin bai kai la'asar ba sai da ya zaga asibiti, har masu gadi suna yi mana fatan alheri da wani irin murmushi.

Ranar tafiya muka haɗu a tasha da hantsi. Dakta ya riga kowa zuwa ya kama kujerar gaba shi kaɗai, ya ɗora jakarsa a cinya. Ni da Baba Zira muka matsu a baya tare da wata mata mai kai barkono garin Sahuda da ke bakin iyaka, muka yi ta atishawa ana yi mana sannu. Ba mu bar gari ba Dakta ya fara koya wa direba tuƙi. Direban ya haƙura, ya haƙura, can ya ce, "Oga, ni ma in na zo asibiti zan nuna maka inda za ka yanka?" Mai barkono ta tuntsire da dariya. Ni na danne tawa, don ba na so ya ga ko haƙorina.

A shingen soja na farko doka ita ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, hannu a sama, mota ta biyo baya. Dakta ya leƙo ta taga ya ce shi likita ne. Sojan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Likita ba shi da ƙafa ne? Sauka." Haka muka jera, Dakta a gaba da kwat da takalmi mai sheƙi, hannu sama, ƙura tana hawa wandonsa. Shinge uku muka wuce kafin Sahuda, a na uku ba a ma ce masa ya sauka ba ya riga kowa.

Bakin iyaka kuwa sanda ce kawai aka gitta a kan durom biyu, sai rumfa da tuta. Ɓangarenmu ba mu sha wuya ba. Da muka taka zuwa Bukula, jandarman Kamaru ya karɓi takardunmu ya jera a kan tebur, ya nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara. Na miƙa nawa, Baba Zira ya miƙa nasa. Dakta ya zazzage jaka, ya laluba aljihu, babu. Mutumin da yake korar uwa daga layi in ta manta katin ɗanta, ga shi tsaye babu nasa.

Sai ya yi abin da ya saba. Ya ɗaga murya da Turanci, yana bugun tebur da yatsa, yana lissafa shekarun da ya yi yana karatun likita. Jandarman ba ya jin Turanci, daga Faransanci sai Fillanci. Ya saurara cikin natsuwa har Dakta ya gaji, sannan ya nuna masa wani benci a rana, ya koma cin gyaɗarsa.

Mun fi awa guda a nan. Baba Zira ne ya cece mu. Ashe lokacin gudun hijira a Bukula ya yi wata huɗu shi da iyalinsa, Fillancinsa kuma kamar a ruga aka haife shi. Ya je ya gaishe da jandarman gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi zafi, sai ga su suna tafawa. Ya dawo ya ce, "Dakta, ya ce akwai nas a ɗakin can, zai yi maka allura yanzu ya ba ka kati." Haka Baba Zira yake magana, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa. Muka shiga muka tarar da mace ce, ƙatuwa, tana zuƙo magani a sirinji. A nan na gano abin da shekara bakwai ban sani ba: Dakta Iliya yana tsoron allura. Ya juya fuska bango, ya runtse ido, ya damƙe gefen kujera. Nas ɗin ta shafa masa kai kamar ɗan yaye tana cewa wani abu da Fillanci. Na tambayi Baba Zira me ta ce. Ya ce, "Wai ya yi ƙoƙari, bai yi kuka ba."

Daga Bukula babu mota sai babur. Mu da aka daɗe da hana mu babur a Mubi, har na manta yadda ake zama a kai. Can kuwa babur shi ne komai, na ga an ɗaure akuya biyu da katifa da tsohuwa a kan guda ɗaya. Hanyar duwatsu ce da gangara, na riƙe ƙarfen baya ina ta salati har muka isa inda ake samun mota zuwa Gidar. A Gidar muka ci abinci, a wurin wani mai shayi. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yankar dasashi. Ya tsaga shi ya cusa masa ƙwai da aka soya da taliya a ciki. Taliya cikin ƙwai cikin burodi! Na ce wannan ai abinci uku ne aka ɗaura wa aure. Amma na cinye tas, har na leƙa na Baba Zira.

Mun shiga Garwa da la'asar sakaliya, zafi kamar an buɗe tanda. Masaukinmu wani gidan baƙi ne mai ɗakuna a jere da bishiyoyin mangwaro. Ɗakin tsaf, gidan sauro sabo, sai dai famfon wanka yana da kai biyu, kuma wanda aka rubuta wa harafin C da na ɗauka na sanyi ne, ashe a Faransanci na zafi ne. Na yi ƙara ɗaya na koma wanka da bokiti irin na gida. Wajen iya daddawa ba su kai mu ba, amma kifinsu na kogin Binuwai, gasasshe da yaji da rogo da aka dafa cikin ganye, wannan kam na sara musu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwarsu a wurin aiki. Da safe aka kai mu wani asibiti mu gani kafin a fara bita. Duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya gaishe shi da sunansa, daga babban likita har mai wankin zannuwa. Mu a wurinmu in Dakta ya shigo, gaisuwarmu ita ce kowa ya nemi abin da zai riƙe a hannu don a ga yana aiki. Ba zan ce su mala'iku ne ba, na ji wata nas tana zazzaga wa wani masifa a bayan ɗakin magani. Amma da ta gama na gan su tare suna tura gadon mara lafiya.

Mai koyar da mu wata tsohuwar ungozoma ce, Madam Jenabu, gajera, da tabarau a kan hanci. Tana haɗa Fillanci da Faransanci da wata Hausa mai daɗin ji. Rana ta farko ta yi ta bayani a kan tsawa, da zagi, da raina na ƙasa, ina ta gyaɗa kai ina satar kallon Dakta. Har na ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi yadda zai gani. Sai ta ce, "Akwai kuma masu yin shiru. Wanda ya yi fushi ya daina magana, shi ma da ran mara lafiya yake wasa." Na daina gyaɗa kai.

Rana ta biyu ta ce kowace tawaga ta fito ta yi wasan kwaikwayo, amma kowa ya ɗauki halin ɗan'uwansa. Ta ba Baba Zira rigar likita. Jama'a, ban san dattijon nan ya iya abin nan ba. Ya tura ƙirji gaba, ya saƙale hannu a baya, ya shigo da sauri yana kaɗa kai, ya daka tsawa da muryar Dakta sak: "Wane marar kai ne ya rubuta wannan?" Ya ɗauki farantin shayi ya ɗaga kamar zai jefa. Zauren ya kece da dariya, har mutanen Kamaru da ba su san Dakta ba suna nuna shi da yatsa, don sun gane. Dakta ya yi murmushi da farko, daga baya murmushin ya tafi.

Ina cikin share hawayen dariya Madam Jenabu ta ce, "Yanzu likita zai zama ungozoma." Dakta ya tashi. Ya yafa gyalen tebur a kai. Ya tako a hankali, ya ɗaga hanci, ya kalli Baba Zira ta wutsiyar ido, ya ja tsaki mai tsawo. Ya ajiye fayil da ƙarfi, ya juya ya buga ƙofa. Aka yi dariya, ni ma na yi ta dole. Sai ya dawo ya zauna, ya yagi 'yar takarda, ya rubuta wani abu, ya ninke, ya miƙa wa wata mata da ke gaba ya yi mata nuni ta kai wa likita. Mutane suna ta dariya. Ni kuwa ban yi ba. Ban taɓa sanin ya san yadda aka yi a ranar matar Betso ba.

Madam Jenabu ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗiyata, me ke cikin takardar?" Na ce, "Mace ce tana zubar da jini." Dariya ta tsaya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in zauna, ta ce mu uku mu je mu yi magana a inda babu 'yan kallo.

Ba mu yi ba. Rana ta uku ta wuce, aka ba mu takardar shaida, aka ɗauki hoto, kowa yana kauce wa idon kowa.

A hanyar dawowa ce Allah ya tsare mu. An yi ruwan sama a kan duwatsu, muka iso wani mayo, wato rafi, bayan Gidar muka tarar ya cika yana gudu, babu gada. Direba ya ce sai ruwan ya ja. Fasinjoji suka watse cikin inuwa, mu uku muka samu gindin wata tsamiya. Wata Bafillatana ta kawo nono da dakkere, irin dambun nan na gero, muka saya, cokali biyu ne kawai gare ta, sai da Dakta da Baba Zira suka yi karɓa-karɓa.

Ni na fara. Na ce, "Dakta, matar Betso laifina ne. Da ta mutu, ni na kashe ta."

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Mai shara ta gaya mini tun a ranar. Ta ce ta yi minti ashirin a ƙofata tana tsoron ƙwanƙwasawa. Sista, wane irin likita ne za a ji tsoron gaya masa mace tana mutuwa?"

Baba Zira ya ce, "Ni ma na san matar yana bukatar jini. Na ga takardar. Haushinka nake ji, na ce bari ka zo da ƙafarka."

Sai Dakta ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi yana da mutum biyar a kwance da ba sa iya tafiya. Ya ɗauki biyu a motarsa, ya ce wa sauran zai dawo, bai samu dawowa ba. Ya ce tun daga nan duk kuskuren da ya gani, ko na rubutu ne, sai ya ji kamar wani zai sake mutuwa a hannunsa, kafin ya ankara ya riga ya yi tsawa. "Ba hujja ba ce," in ji shi. "Ina gaya muku ne kawai."

Na ce, "To marar kai fa?"

Ya ce, "Kina da kai, Sista. Har ya yi yawa."

Baba Zira ya ƙware da dakkere, sai da na bubbuga masa baya.

A gindin tsamiyar muka yi yarjejeniya, ba mu rubuta ba. Maganar mara lafiya baki da baki za a yi ta, ko ana gaba ko ba a yi. Gwajin gaggawa ba ya jiran sa hannu. In Dakta ya fara ɗaga murya a gaban majinyata, duk wanda ke kusa zai ce masa, "Dakta, mu je ofis," kuma ya yi alkawarin zai bi. Ya nemi a ƙara da cewa in daina buga ƙofa. Na ce zan duba.

Ruwan ya ja da yamma, matasan ƙauyen suka tura motar muka haye, muka kwana a Bukula gidan mutumin da ya sauki Baba Zira lokacin gudu. Suka yanka mana zabo, matar gidan ta rungume Baba Zira tana kuka tana tambayar jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Washegari kafin azahar muna Mubi.

Masu tambaya ko Dakta ya canza, kada ku sa rai da yawa. Yana tsawa har yanzu, sai dai ta ragu, kuma sau huɗu na kai shi ofis ya bi ni kamar an kama ɗalibi. Ni ma ƙofar ɗakin haihuwa ta ɗan huta.

Makon jiya aka kawo wata mai ciki daga Digil, jininta ya hau, ƙafafu a kumbure. Dakta ya duba ta a gurguje, don mutane sun fi talatin a layi, ya rubuta magani ya wuce. Na karanta na ga adadin ya zarce abin da ya kamata. Na bi shi har tsakiyar baranda, na sha gabansa, na ce, "Dakta, sake duba wannan."

Ya buɗe baki. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, masu jira a benci suka fara gyara zama. Sai ya rufe bakin, ya karɓi fayil ɗin, ya karanta. Ya ciro biro ya soke, ya rubuta daidai, ya miƙo mini.

"Na gode, Sista," ya ce, a hankali, kamar mai haɗiyar maganin zazzaɓi ba ruwa.

Matar ta haihu ranar Laraba, mace, ita da jaririyar suna lafiya. Jiya aka sallame su.